Darasin Lafiya: Ciwon Fata da Ya Ƙi Warkewa, da Hanyar Samun Ƙwararren Likita a Abijan

Iyalai da yawa daga cikinku suna da wani nasu da ya gangara Abijan neman abin sakawa a bakin salati. Wasu suna dako a kasuwar Guro ta Adjamé, wadda matan ƙabilar Guro suka kafa domin cinikin kayan abinci. Wasu suna tallar albasa da tumatir da tattasai, wasu kuma suna wanke-wanke a gidajen abinci na Treichville. Aiki cikin zafi da gumi, kwana a ɗaki ɗaya da mutane da yawa, da ƙarancin ruwa da sabulu, duk suna jawo ciwon fata. Haka lamarin yake ga waɗanda ke zaune a matsugunan arewa, irin su Niornigué kusa da Ouangolodougou da Timalah kusa da Bouna.

Darasin yana koyar da abu guda: ciwon fata da ya daɗe yana bukatar a san sunansa kafin a sa masa magani. Za ku ga yadda ake gane cewa lokacin ganin likita ya yi, haɗarin da ke cikin man shafawa na kasuwa, yadda ake tantance likitan fata na gaskiya, da matakan da ake bi har a kai gare shi ba tare da ɓarnar kuɗi ba. A karanta wa waɗanda ba sa karatu, musamman iyaye mata.

1. Yaushe ake cewa ciwo ya ƙi warkewa?

Ƙurajen zafi, cizon sauro da ƙananan ƙuraje kan tafi da kansu cikin 'yan kwanaki idan ana wanka da tsabta. Amma ku je wurin ma'aikacin lafiya idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Ciwon ya haura mako biyu zuwa uku bai nuna alamar sauƙi ba.
- Yana lafawa idan an shafa mai, ya dawo da zarar an daina.
- Yana faɗaɗa, ko ya koma wasu sassan jiki.
- Ƙaiƙayi yana hana barci.
- Mutum biyu ko fiye a gida ɗaya suna susa.
- Gyambo ya yi wata guda bai rufe ba.
- Akwai tabo a jiki wanda ba a jin taɓawa a kansa.
- Gashin yaro yana zubewa wuri-wuri.

2. Cututtuka masu kama da juna, magani daban-daban

A idon wanda ba likita ba, ƙaiƙayi duk ƙaiƙayi ne. Ga wasu cututtuka da ake yawan haɗuwa da su a inda jama'a suka cunkushe. Ku lura da yadda maganin kowace ya sha bamban.

Ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake shiga ƙarƙashin fata ya yi ƙwai. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hamata, ƙugu da gaba. Wanda ya kamu a karon farko zai iya yin mako huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana yaɗa ta. Shi ya sa ake yi wa duk mutanen gida magani rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. A wanke tufafi da kayan shimfiɗa da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda na mako guda. Ana amfani da man shafawa na benzoate de benzyle ko perméthrine, ko ƙwayar ivermectine, wadda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Ƙaiƙayi kan ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Makero da ƙora. Ƙwayar cuta dangin naman gwari ce ke kawo su. Makero yana fitowa kamar zobe a jiki, gefensa ya tasa. Ƙora tana cin gashin yara, tana yaɗuwa ta reza, mashaci da hula. Man shafawa kaɗai ba ya warkar da ƙora, domin ƙwayar tana cikin tushen gashi. Sai an sha magani irin griséofulvine na mako shida zuwa takwas.

Kircin hannu. Masu wanke-wanke, masu ɓare tafarnuwa da albasa, masu yankan barkono da masu aikin siminti kan samu hannu ya bushe, ya tsage, yana zafi. Wannan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Fata ce ta gaji da abin da take taɓawa. Ana bukatar gano abin da ke tayar da shi, a sa safar hannu, a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin, tare da maganin da likita ya rubuta na ɗan lokaci.

Kuturta. Takan fara da tabo mai haske ko ja-ja wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma ba a jin taɓawa a kansa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙyasbi ne, su yi shekaru suna shafa mai. Kuturta tana warkewa sarai da haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12, kuma kyauta ake ba da su a duk duniya tun 1995. Da an fara shan magani mutum ya daina yaɗa ta. Naƙasar yatsu da ido tana zuwa ne idan an makara.

Gyambon Buruli. Kodebuwa tana cikin ƙasashen da wannan cuta ta fi yawa. An fi samunta kusa da fadama, tafki da ruwan da ba ya gudu sosai. Tana farawa da ɗan kulu ko kumburi a hannu ko ƙafa wanda ba ya zafi, daga baya ya fashe ya zama babban gyambo mai zurfi a ƙarƙashin gefensa. Rashin zafin shi ke yaudarar mutane su jinkirta. Maganinta rifampicine da clarithromycine ne na mako takwas. Idan an kama ta da wuri, sau da yawa ba a bukatar tiyata.

Ciwon fata na ƙarancin abinci. Wanda ya daɗe yana cin masara kusan ita kaɗai zai iya ganin fatar wuya, bayan hannu da ƙafa ta yi baƙi tana saɓewa, wato wuraren da rana ke duka, wani lokaci tare da zawo da ruɗewa. Ƙarancin wani sinadarin bitamin ne mai suna niyasin. Ƙwayar bitamin ɗin da cin gyaɗa, kifi, nama da wake ne maganinsa. Man shafawa ba ya yi masa komai.

Zabiya. Yara da manya zabiya suna cikin haɗarin sankarar fata saboda rana. Su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, kuma likitan fata ya riƙa duba su a kai a kai. Duk wani ƙurji ko ɓawo da ya ƙi warkewa a fuska, kunne ko wuya, a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Wani lokaci ciwon fata alama ce ta wata cuta a cikin jiki. Maruru da ke yawan dawowa ko gyambon ƙafa na iya nuna ciwon suga. Ƙuraje masu ruwa da zafi a ɓangare ɗaya na jiki, ko ƙaiƙayin da ya game jiki ya ƙi ji, na iya sa likita ya nemi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Kada ku ɗauki wannan a matsayin zargi. Gwajin sirri ne, maganin kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati.

3. Abin da ke cikin man shafawa na kasuwa

Ba nisa da kasuwar Guro ta Adjamé akwai Roxy, wadda ta yi suna wajen sayar da magunguna a kan tebur da cikin kwanduna. A watan Mayun 2017 jami'an tsaro sun kai samame can, suka kwashe kusan tan 40 na magunguna. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Ko maganin na gaske ne, zafin rana da daɗewa suna lalata shi.

Babban haɗari ga fata shi ne man da ke ɗauke da sinadarin da likitoci ke kira kotikoyid. Ku duba jikin kwali: idan kun ga bétaméthasone, clobétasol ko dexaméthasone, shi ne. Magani ne mai amfani a hannun likita, ga cutar da ta dace, na 'yan kwanaki. Yana kwantar da ƙaiƙayi da kumburi cikin kwana biyu, shi ya sa mai saye yake ganin ya dace. Amma ba ya kashe ƙwaron ƙazuwa ko ƙwayar makero. Yana rage wa fata ƙarfin kare kanta ne, sai cutar ta samu sarari ta bazu. Makero ya rasa zobensa ya zama wani abu da ko likita sai ya yi gwaji kafin ya gane shi.

Idan aka daɗe ana shafawa, fata tana yin siriri, nankarwa mai faɗi ta fito wadda ba ta gogewa, ƙuraje su cika fuska, rauni ya riƙa jinkirin warkewa. Idan ana shafe jiki da shi wata da watanni, yana ratsawa cikin jini ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Jarirai sun fi shiga haɗari saboda fatarsu ba ta da kauri.

Irin wannan sinadari yana cikin mayukan bilicin da yawa, tare da hydroquinone, mai barin baƙaƙen tabo a kumatu da bayan wuya, da kuma sinadarin makuri, mai lalata ƙoda da cutar da ɗan tayi. A watan Afrilun 2015 gwamnatin Kodebuwa ta haramta mayukan sauya launin fata masu ɗauke da makuri, kotikoyid, bitamin A, ko hydroquinone da ya haura kashi 2 cikin ɗari. Har yanzu ana samunsu a kasuwa, wasu ma a cikin robar da ba ta da suna, an gauraya su da hannu.

Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan mai a jiki duka, kada ta yanke shi rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba. Jiki ya saba da shi, kuma yankewa farat ɗaya na iya kawo kasala mai tsanani da tashin ƙuraje. Likita zai nuna yadda za a rage shi sannu a hankali.

Haka nan a guji sa wa gyambo ko ƙurji baƙin man mota, ruwan batir, toka, man goge baki, ruwan jabel ko garin kafso. Suna ƙona fata, su buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta hanya.

4. Wane ne likitan fata na gaskiya?

Likitan fata mutum ne da ya gama karatun likita gaba ɗaya, sannan ya ƙara shekara huɗu yana ƙwarewa a kan cututtukan fata, gashi, farce da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. A Abijan ana wannan horo ne a ƙarƙashin Jami'ar Félix Houphouët-Boigny. Da Faransanci sunansa dermatologue ko dermatologue-vénérologue. Kalmar da za ku nema a allon asibiti ita ce Dermatologie.

Ga hanyoyin tantancewa:

- Duk likitan da ke aiki bisa doka yana da rajista a ƙungiyar likitoci ta ƙasa, Ordre National des Médecins de Côte d'Ivoire. Hatiminsa a kan takardar magani yana nuna sunansa da fannin da ya ƙware.
- Yana duba jiki da idonsa a wuri mai haske, yana yin tambayoyi kafin ya rubuta komai.
- Yana rubuta takardar magani, ku je ku saya a farmasi mai alamar koren kuros. Ba ya fito da kwalba marar suna daga aljihun tebur ya ce ku biya.
- Yana gaya muku sunan cutar, ko ya ce sai an yi gwaji.
- Ana ba ku rasit na duk kuɗin da kuka biya.

Farar riga ba shaida ba ce. Mai gyaran jiki da ake kira esthéticienne, mai sayar da kayan kwalliya, mai wa'azin magani a cikin mota, da mai tallar sabulu a Facebook ko WhatsApp, babu likita a cikinsu. Ku yi hattara da duk wanda ya ce magani ɗaya yana warkar da kowane ciwon fata, ko ya yi alkawarin warkewa cikin kwana uku, ko ya nemi a tura masa kuɗi ta waya kafin ya ga majiyyaci. A ƙofar manyan asibitoci ma akan samu 'yan kamasho da ke cewa za su shigar da ku da sauri, ko su kai ku wani wuri "mafi araha". Ku wuce su, ku tambayi ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi.

5. Matakan da ake bi

Mataki na farko shi ne ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ku: ɗakin shan magani na matsuguni, ko cibiyar lafiya ta unguwa. Ma'aikacin jinya ko likitan da ke duba kowace cuta yana iya maganin ƙazuwa, makero, ƙora da maruru. Yawancin ciwon fata a nan yake ƙarewa, da kuɗi kaɗan.

Mataki na biyu shi ne babban asibiti, kamar Hôpital Général na Adjamé, ko babban asibitin yanki ga mazauna arewa. Idan an yi maganin farko yadda aka ce bai yi ba, ku koma wurin wanda ya rubuta shi, ku roƙi takardar turawa. Sunanta bulletin de référence. Tana bayyana abin da aka gani da abin da aka riga aka gwada, ta rage muku maimaita gwaji.

Mataki na uku shi ne asibitin koyarwa, wanda ake kira CHU. Cibiyar cututtukan fata ta CHU na Treichville ita ce babbar wurin da ake tura masu ciwon fata mai wuya daga sassan ƙasar. Daga Adjamé ana bi ta Plateau a haye gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, kuma motocin SOTRA suna tashi daga Gare Nord. Idan kun shiga asibitin ku tambayi Centre de Dermatologie.

Mazauna matsugunan arewa su sani cewa CHU na Bouaké ma yana da sashen cututtukan fata, kuma ya fi Abijan kusa ga mai fitowa daga Ouangolodougou. Ga kuturta da gyambon Buruli akwai asibiti na musamman, Institut Raoul Follereau, a yankin Adzopé, kimanin kilomita 100 arewa da Abijan. Amma ba sai an je can ake fara maganin waɗannan cututtuka biyu ba. Hukumar lafiya ta gunduma ce ke tsara shi, don haka ku fara sanar da ma'aikacin lafiya na kusa.

Akwai likitocin fata a asibitocin kuɗi na Abijan. Sun fi tsada, layinsu ya fi gajarta. Ƙa'idojin tantancewa na sama suna aiki a kansu su ma.

Kada ku kama hanyar Abijan daga matsuguni ba tare da takardar turawa ba, kuma ba tare da kun yi magana da ma'aikacin jin daɗin jama'a ba. Shi zai duba takardunku na tafiya, ya gaya muku irin taimakon da ake da shi a lokacin.

6. Shirin ranar ganin likita

Ku tafi da sassafe, domin ana karɓar mutane ne bi da bi. Ku riƙe waɗannan:

- Katin ɗan gudun hijira ko takardar mai neman mafaka, da katin CMU idan kuna da shi.
- Littafin asibiti, wato carnet de santé, da takardar turawa.
- Duk mai, sabulu, ƙwaya da sassaƙe da aka yi amfani da su, har kwalin da ya ƙare. A zuba su a leda ɗaya.
- Hotunan ciwon da aka ɗauka da waya a hasken rana, musamman idan yana zuwa yana tafiya.
- Kuɗin ganin likita, da ɗan ƙari saboda gwaji da mota.
- Wanda ke jin Faransanci, idan ku ba ku ji.

Ku yi wanka da ruwa da sabulu marar ƙamshi. Kada a shafa komai a wurin ciwon ranar, ko hoda, ko lalle, ko shuɗin magani, domin suna rufe abin da likita ke son gani. Idan ƙora ce, kada a aske wa yaro kai ƙwal. A sa tufafi masu sauƙin cirewa.

Ga 'yan kalmomi masu amfani:

- Je veux voir un dermatologue: ina son ganin likitan fata.
- Ça gratte la nuit: yana ƙaiƙayi da dare.
- Depuis trois mois: wata uku ke nan.
- Je ne sens rien ici: ba na jin komai a nan.
- Je suis enceinte: ina da ciki.

7. A gaban likita

Likita zai tambayi yaushe ciwon ya fara, daga ina ya fara, wa ke da irinsa a gida, wane aiki kuke yi, da inda kuka zauna kafin ku zo. Ku faɗi gaskiya duka. Idan kina shafa man bilicin, ki faɗa, har da sunansa da tsawon lokacin. Likitocin Treichville suna ganin irin wannan kullum, kuma ɓoye shi na iya sa a rubuta miki maganin da zai ƙara ɓata fatar. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun farko, domin wasu magungunan fata suna cutar da jariri.

Wataƙila a nemi duba sassan jikin da ba ku yi ƙorafi a kansu ba, kamar tafin ƙafa, baki ko gaba. Mace tana da damar roƙon likita mace ta duba ta, ko wata ma'aikaciya ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin. Abin da kuka faɗa wa likita sirri ne, kuma ba ya shafar takardunku na neman mafaka.

Gwajin da aka fi yi shi ne a kankaro ɗan ɓawon fata ko a ciri gashi a duba a madubin likita. Ba ya da zafi. Wani lokaci a kashe wurin da allura a yanki ɗan ƙaramin nama a kai ɗakin bincike, sakamakon ya ɗauki kwanaki ko makonni. Wani lokaci kuma gwajin jini ne.

Kafin ku fita, ku tabbata kun samu amsar waɗannan tambayoyi biyar: Mene ne sunan cutar? Tana yaɗuwa, kuma sai an yi wa mutanen gida magani? Yaya ake amfani da maganin, sau nawa, har tsawon wane lokaci? Wace alama ce za ta sa in dawo da gaggawa? Yaushe zan dawo? Ku roƙi a rubuta sunan cutar a littafin asibiti. Idan kuka ƙaura, shi zai yi wa likita na gaba jagora.

8. Batun kuɗi

Kodebuwa tana da inshorar lafiya ta kowa da kowa, CMU, wadda dokar 2014 ta kafa domin duk mazauna ƙasar. Ana biyan jaka guda, wato sefa 1,000, ga kowane mutum a wata. A kan ayyuka da magungunan da ke cikin tsarin, inshorar tana biyan kashi 70 cikin ɗari, majiyyaci ya biya 30. Ba kowane magani ne ke ciki ba. Ku tambayi ofishin HCR ko na DAARA, hukumar gwamnati mai kula da 'yan gudun hijira, yadda za ku yi rajista.

Idan takardar magani ta fi ƙarfin aljihunku, ku gaya wa likita tun kuna zaune. Ku ce ya rubuta générique, wato magani iri ɗaya mai rahusa, ya kuma nuna muku wanda ya fi muhimmanci. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, service social. Kada a sayi rabin magani a sha rabin lokaci, kada kuma a ɗauki takardar likita a kai Roxy. Ku lissafa abin da aka kashe a kan mayuka biyar ko shida cikin wata shida, da kwanakin aikin da aka rasa. Sau da yawa ya fi kuɗin ganin likita sau ɗaya. Araha ba ta ado.

9. Alamun da ba a jira da su

Ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take, dare ko rana, idan kun ga:

- Fata tana saɓulewa kamar ƙuna, baki da ido sun yi gyambo, tare da zazzaɓi, bayan fara wani sabon magani. Magunguna irin su cotrimoxazole, Fansidar da wasu na farfaɗiya kan jawo wannan ga wasu mutane. A daina shan maganin, a tafi da kwalinsa.
- Leɓe, harshe ko fuska sun kumbura, numfashi yana wuya.
- Ƙafa ta kumbura, ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi.
- Yaro mai ƙazuwa ko ƙuraje masu ruwa ya kumbura a fuska, fitsarinsa ya yi duhu.
- Ƙuraje tare da zazzaɓi, tari da jan ido ga yaro, domin yana iya zama ƙyanda.
- Ƙuraje masu ruwa ko mugunya tare da zazzaɓi da kaluluwa. An samu ƙyandar biri a Kodebuwa a 2024. A ware majiyyaci da kayan shimfiɗarsa, a sanar da ma'aikacin lafiya.

Lambar motar asibiti ta gaggawa, SAMU, ita ce 185.

10. Bayan an dawo gida

Ciwon fata yana son haƙuri. A gama magani har ranar da aka ce, ko da wurin ya yi kyau. Kada a ba maƙwabci ragowar mai don ciwonsa ya yi kama da naku. A koma ranar da likita ya sa, domin a nan ake gane ko maganin ya yi ko a sauya shi. Wasu cututtuka, kamar kirci, suna lafawa su dawo. Likita zai koya muku yadda za ku zauna da su lafiya.

Kowa ya riƙe tawul ɗinsa da sosonsa. A shanya tabarma da katifa a rana. A yanke wa yara farce. Wanzami ko mai aski ya sa sabuwar reza ga kowane kai. Kada a tsangwami mai ciwon fata ko a hana yaro wasa da makaranta alhali yana kan magani. Tsangwama ce ke sa mutane su ɓoye tabo har ya zama naƙasa.

Tambayoyin bita

A tattauna waɗannan a gida ko a taron mata da na matasa:

1. Me ya sa ake yi wa duk mutanen gida maganin ƙazuwa rana ɗaya?
2. Wane irin tabo ne ke sa a yi zargin kuturta, kuma nawa ake biyan maganinta?
3. Waɗanne sunaye uku ne a jikin kwalin mai ke nuna yana ɗauke da kotikoyid?
4. Ta yaya za ku bambance likitan fata da mai sayar da kayan kwalliya?
5. Wace takarda ake karɓa kafin a tafi CHU, kuma wa ke ba da ita?
6. Waɗanne tambayoyi biyar za ku yi wa likita kafin ku fita?

Aikin wannan mako: kowane gida ya tattara mayukan shafawa da ke ɗaki, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba abin da ke cikinsu. A duba jikin yara a hasken rana, daga kai har tafin ƙafa. Wanda aka ga yana da tabo ko gyambon da ya haura mako uku, a rubuta ranar da ya fara, a kai shi ɗakin shan magani. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ƙara mana lafiya.